Kaza da 'Ya'yanta a Kafaɗar Bijimi

Duk wanda ya ce maka Dubai aljannar duniya ce, tambaye shi ko ya taɓa kwana a gadon sama a unguwar Naif, hancinsa na gogar silin, munsharin wani ɗan Ghana na girgiza shi daga ƙasa. Ni a nan na fara, ƙarshen shekarar 2016.

Sunana Ishaku, daga wani ƙauye kusa da Malumfashi. Mahaifina masassaƙi ne, turmi da ƙota da kujerar mata, ranar Lahadi kuma shi ke jan waƙa a cocinmu. Wanda ya kira ni Dubai Yaya Ɗanjuma ne, ɗan wan babana, wanda iyayensa suka rasu yana ƙarami aka riƙe shi a gidanmu. Akushi ɗaya muka ci, tabarma ɗaya muka kwana. Tunda na yi wayo ban taɓa kiran sunansa gatsau ba, sai Yaya.

A waya ya ce mini aikin sassaƙa na nan yana jirana. Da na iso sai maganar ta koma "shwayya-shwayya, Ishaku, Dubai ba a yi mata gaggawa." Kafin shwayya-shwayyar ta nuna, ɗaurin kaya na kama a kasuwar Murshid Bazaar. Mu danne dilar atamfa da gwiwa, mu naɗe da salatif, mu rubuta Kano ko Yamai a jiki, mu tura a baro cikin zafin da ke sa takalmin roba ya yi laushi. Na ga cuta iri-iri a wurin. Wani ɗan kasuwa, Bahaushe ɗan'uwana, na yini ina ɗaure masa kaya, da yamma ya ce bari ya shiga masallaci ya fito. Har yau yana ciki. Na ga alheri kuma. Wata Hajiya 'yar Kano ta ji Hausata ta ce, "Kai ɗan Katsina, me ya kawo ka wannan wuta?" Ta buɗe jaka ta ba ni ƙullin yaji da ƙuli-ƙuli. Na lallaɓa yajin nan har sai da ledar ta koma fara.

Abin da ya fi ci mini rai a Naif ba zafi ba ne, cin abinci ne. Kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya, ya rungume robarsa. A gidanmu in tsokar nama ɗaya ta rage a akushi, ni ƙarami nakan tura ta gaban Yaya. Yaya ya tura gaban Baba. Baba ya dube mu ya ce, "Ni haƙorana sun gama aiki," ya turo mini. Kowa ya san inda tsokar za ta kwana tun kafin ta tashi, amma dole ta yi wannan zagayen. Da na ɗauka kai tsaye, da na sha ranƙwashi. Da Yaya ya cinye, da ƙauye ya ji labari. Wannan ita ce kara. Ƙarami ya miƙa, babba ya mayar. Da ita aka raine ni, ita na ɗauko na zo Dubai da ita, kamar wanda ya zo kasuwa da kuɗin da aka daina karɓa.

Daga baya aikin ya samu. Yaya ya kai ni kamfaninsu a unguwar Al Quoz, wata doguwar rumfar kwano inda ake yanka farin dutse mai laushi. Ƙura ta sa kowa ya zama launi ɗaya, Ba'indiye da Bafilifine da mu, sai mutum ya yi magana ka san ɗan ina ne. Yaya shi ne shugaban masu sassaƙa da hannu, don ya fi mu Turanci kuma ya iya yi wa mai kamfani dariya kafin ya gama ba da labari. Gaskiya ɗaya ce, shi ya fara nuna mini yadda ake riƙe cizal, ƙarfen sassaƙa dutse, don gizago na sani. Amma ba a daɗe ba duk abin da ke da fuska ko gashi ko fiffike sai a turo shi bencina.

A nan na haɗu da Sani, mutumin Maraɗi, mai tuƙa motar ɗaga kaya. Musulmi ne, mai tsokana, ba ya gama jimla ba tare da ya jefa Faransanci ba. Shi ya laƙa mini suna Fasto, ni kuma ina ce masa Liman. Tare muke cin abincin rana a bayan rumfa, kuma shi ne mutum na farko a Dubai da ya tura mini tsokar nama.

Wajen tsakiyar 2018 babban aiki ya shigo. Wani attajiri yana gina otal, yana son ƙofar shiga ɗakin cin abinci ta zama kwafin fuskar wata tsohuwar coci ta ƙasar Faransa, wadda aka gina tun zamanin da ba bindiga. Ba gicciye, ba waliyyai, bakan ƙofar kawai yake so da adon da ke jikinsa. Aka baje mana hotuna. Na duba. Ga wani rabinsa mutum rabinsa doki, ya ɗana kibiya. Ga bunsuru da wutsiyar kifi. Ga wani mai fuska biyu, ɗaya gaba ɗaya baya. Ga rago, ga bijimi, ga kunama, ga ƙaguwa.

Cocinmu na ƙauye bango huɗu ne da benci. Kakanninmu da suka karɓi bishara sai da suka ƙone kayan tsafinsu a bainar jama'a. Yanzu a ce ni, jikansu, na tsallako teku in sassaƙa dodanni, kuma wai daga ƙofar coci aka kwafo su? Na ce wa Yaya, "Yaya, anya waɗannan ba gumaka ba ne?"

Ya ce, "Gumaka ko aljanu, bizarka a jikinsu take. Yalla, kama aiki."

Amsar ta zo daga wata tsohuwar Bafaransiya da aka ɗauko ta duba aikin, muna ce mata Madam. Gajeruwa ce, hannunta duk kanta kamar na manomi, don ta yi rayuwarta tana gyaran tsofaffin coci-coci. Ba ta zama a Dubai, takan zo ta duba ta koma. Zuwanta na farko ta tara mu, ta sa aka jera hotunan a ƙasa kamar bakan gizo. Turancinta na da nauyi, don haka Sani ya tsaya kusa da ni yana juya mini abin da ta fi faɗa da Faransanci.

Ta ce wannan bakan hanyar rana ce. Taurarin da ke kan hanyar an kasa su gida goma sha biyu, kowane gida mutanen da suka ba shi siffar wata dabba ko wani mutumin tatsuniyarsu don kada a manta shi. Rana takan sauka a kowane gida wata guda, kamar fatake a zango. Kusa da kowace dabba kuma an sassaƙa aikin da manomi ke yi a watan: nan yana yankan alkama, nan yana matse inabi, nan tsoho ne ya miƙe ƙafa yana jin ɗumi. Mai fuska biyun bakin shekara ne, yana kallon wadda ta wuce da wadda ke tafe. Mutanen da ba su iya karatu ba, in sun zo sujada sai su ɗaga kai su ga shekararsu gaba ɗaya a kan ƙofa, su tuna Wanda ke juya ta.

Sani ya ce, "Voilà, Fasto. Burujai ne. Malamanmu ma suna lissafinsu. Kwantar da hankalinka, ba za ka shiga wuta a kan bunsuru ba."

Sai wani Ba'indiye ya tambaya ko a watan bijimi ana ganin bijimin a sama. Madam ta girgiza kai. Ta ce a watan ne ma ba a ganinsa, don rana ta sauka a gidansa, haskenta ya rufe shi. Ta ɗora yatsa a kafaɗar bijimin ta ce nan akwai wasu 'yan taurari cure wuri ɗaya, su ma a lokacin suke ɓacewa.

Kaza da 'Ya'yanta take nufi. Kowace bazara Baba yakan tsaya a bakin gona bayan faɗuwar rana yana duban yamma, ranar da ya neme ta ya rasa sai ya ce, "Kaza ta shiga akurki, ku fito da fartanya, ruwa na hanya." Na sha tambayarsa ina take zuwa, ya ce in na girma na bi ta na gani. Baba ya rasu ban samu amsa ba. Sai ga amsar a Al Quoz, a bakin wata tsohuwa, a garin da fitilu suka hana a ga ko Gamzaki sosai. Ashe ba ɓata take ba, baƙo ne ya sauka a gidan. Na shiga bayan rumfa na yi kuka, na ce wa Sani ƙura ce.

Dutsen bijimi ya faɗo a rabona. Na yi shi yadda hoto ya nuna, ƙaho da doro da kofato. Amma a kafaɗarsa, inda Madam ta ɗora yatsa, na bar ɗan tudu, na fitar da kaza ƙarama wadda ba ta wuce babban yatsa ba, da 'yan tsakinta kewaye da ita, ɗaya ya leƙo daga ƙarƙashin fiffike. Ba wanda ya sa ni. Don Baba na yi. Yaya ya gani ya ce, "Kai dai ba ka rabo da neman magana. In aka yi faɗa, ba ruwana." Na ce na ji.

Madam ta dawo a farkon 2019. Tana bin duwatsun ɗaya bayan ɗaya da tabarau a hanci, tana shafawa. Da ta zo kan bijimi sai ta tsaya. Ta sunkuya. Na ce a raina, shi ke nan, Ishaku, haɗa kayanka. Sai na ji ta yi wata 'yar ƙara, ta dafe ƙirji, tana zuba Faransanci kamar an buɗe famfo.

Sani ya riƙo hannuna. "Fasto, ka san me take cewa? Wai kakarta a ƙauyensu ita ma kaza da 'yan tsaki take kiran taurarin nan. Wai rabonta da jin wannan tun tana yarinya."

Ta sa aka kira mai kamfani da Yaya. A gaban kowa ta ce a wurin aikinsu na Faransa suna ɗaukar mutum ɗaya daga waje su koya masa gyaran tsofaffin gine-gine, da takardun zama da komai. Ta ce hannun da ya yi kazar nan take so. Ta dubi takardar aikin, sunan Yaya ne a kan duk duwatsun, don shi ne shugaba. Ta dube shi, ta dube ni, don a bencina dutsen yake. Ta ce, "Wane ne a cikinku?"

Tsokar nama ce aka ajiye a tsakiyar akushi. Yayana na tsaye, mutumin da ya kawo ni ƙasar, a gaban baƙi. Ta yaya zan buɗe baki in ce ni ne? Na sunkuyar da kai na ce da Hausa, "Yaya ne babba. Shi ya koya mini riƙe cizal. Shi ya kamata."

Sani bai juya maganar ba. Ya matso ya ce a hankali, "Ishaku, matar nan ba ta san kara ba fa. Abin da ka faɗa shi za ta ɗauka."

Na ce, "Faɗa mata." Ban ji ko ɗar ba. Ba ita nake yi wa magana ba ai, Yaya nake yi wa. Na san abin da zai biyo baya kamar yadda na san sunana. Zai yi dariya, ya dafa kafaɗata, ya ce a'a Madam, ƙanena ne ya yi, kunya ce irin tamu. Har na fara shirya yadda zan ƙara nuna ƙi sau ɗaya kafin in karɓa.

Sani ya juya mata maganar da Faransanci. Ta dubi Yaya.

Yaya ya ce mata ya gode.

Bai tsaya nan ba. Da Turancinsa mai santsi ya ba ta labarin wani tsoho masassaƙi da ke tsayawa a bakin gona yana neman Kaza a yamma. Ya ce tsohon ne ya raine shi, don tunawa da shi ya sassaƙa kazar ya ba yaronsa ya goge. Turancina bai da yawa, amma na ji "akurki", don bai san yadda ake faɗarsa da Turanci ba sai ya faɗe shi da Hausa. Idon Madam ya kawo ruwa. Ta riƙe hannunsa da hannu biyu. Ni kuma ta ɗan buga kafaɗata, irin yadda ake yi wa yaron kirki.

Ko a lokacin ban yarda ba. Na ce wataƙila ba ya son ya ƙaryata ni a gaban mai kamfani, zai gyara daga baya. Muka hau bas ɗin ma'aikata, ya juya yana kallon taga. Muka isa masauki, ya yi wanka, ya shafa mai, ya zauna yana danna waya. Da na ga tsokar ba ta da niyyar dawowa sai na ce, "Yaya, maganar ɗazu fa?"

Bai ɗago ba. "Wace magana? Da bakinka ka faɗa, a gaban shaidu."

"Yaya, kara na yi maka."

"To na gode." Sai ya ajiye wayar. "Ishaku, nan Dubai ce, ba gindin tsamiyar gidanku ba. Ni na fi ka shekaru a wannan ƙurar, ƙirjina har ya fara ciwo. Kai yaro ne, wata damar za ta zo. In na zauna can zan jawo ka, khalas, magana ta ƙare."

Gidanku. Mutumin da uwata ta goya, ta yi masa wanka, ta hana ni nono da wuri don ta ji da shi lokacin da ya yi ƙyanda. Wannan kalmar ta fi tafiyar Faransa yi mini ciwo.

Sani ya yi ta fama da ni. "Tashi mu je wurinta, mon frère, gobe za ta hau jirgi. Ni zan yi bayani. A ba ku dutse da cizal kowa ya yi kaza a gabanta, a ga maci tuwo." Na san gaskiyarsa. Amma in tsaya gaban Baturiya in ce yayana maƙaryaci ne? Bakina ya ƙi. Kuma can cikin raina, wauta ba ta ƙare ba, ina jiran ya farka da safe ya ji kunya. Da safe ya tashi ya goge takalminsa ya raka Madam filin jirgi.

Kafin ƙarshen shekarar ya tafi. Ni na ɗaukar masa akwati har bakin mota, don ba a ce babba ya ɗauki kaya ƙarami na tsaye ba. Watannin farko yakan turo hoton kansa cikin rigar sanyi. Daga baya sai gaisuwar Kirsimeti. Daga nan shiru.

Sai korona ta zo. Aka rufe kamfani, aka zuba bakan ƙofar cikin akwatunan katako, rago da bijimi da mai fuska biyu, aka jibge a sito. Muka zauna a masauki muna kallon bango. Da aka buɗe gari mai kamfani ya ce masu sassaƙa da hannu sun yi masa yawa. Sani ne ya riƙe ni a lokacin. Ya raba shinkafarsa biyu, ya bi 'yan garinsu har ya samo mini aiki a wani kamfanin kago, masu aika kayan 'yan kasuwa gida, da ya yi mini sabuwar biza. Na koma Murshid Bazaar, gwiwa a kan dila, salatif a hannu, inda na fara. Hausawa suka ce naka sai naka, daɗin zama sai bare. Rabin farko ne ban gane ba har yanzu.

A 2021 ƙanwata Lami ta turo mini hoto. Yaya ne tsaye kusa da bijimina, ya nuna kazar da yatsa. Ban san ma yaushe ya ɗauka ba. Ta ce ya aiko da shi gida an buga babba, an yi masa godiya a coci, faston cocinmu ya yi wa'azi a kan maraya da bai manta wanda ya riƙe shi ba. Ta ce mata har kuka suka yi.

Bayan hoton sai ga saƙon murya daga Inna, mahaifiyata. Ina zaune a kan wata dila da tsakar rana na kunna.

Ta ce, "Ishaku, an nuna mini hoton. Idona ya yi rauni amma na sa Lami ta kusanto da shi. Kazar nan taka ce. Mai gajeriyar wutsiya, da ɗan tsako a ƙarƙashin fiffike, irin wadda kake gina mini da laka a bakin rijiya. Ɗanjuma ko tukunyar wasa bai taɓa ginawa ta tsaya ba. Na gane hannunka, ɗana."

Na tsayar da saƙon. Na rufe fuska da hula, masu baro suna wucewa suna yi mini tsawa in janye ƙafa. Duk tsawon lokacin nan abin da nake nema ke nan, mutum ɗaya daga gida ya ce ya sani. Na share ido na ci gaba da saurare.

"Amma ka yi shiru. Kada in ji, kada in gani. Yayanka ne, kuma maraya ne. In ka tona shi, cewa za a yi ɗan gida ya yi wa ɗan riƙo hassada, a ce dama can ba mu riƙe shi da zuciya ɗaya ba. Sunan babanka ya fi kaza. Ka yi masa kara, Allah na gani."

Na saurara har ƙarshe. Na danna na amsa mata, na ce, "To, Inna." Me zan ce?

An kafa bakan ƙofar daga baya, na ji labari. Ban je ba. Sani ya je kai kaya ya ce kazar na nan, sama sosai, sai wanda ya san da ita zai gan ta, mutane na wucewa ta ƙarƙashinta da faranti a hannu.

Ranar Juma'ar da ta biyo bayan saƙon Inna, bayan Sani ya sauko daga masallaci, muka zauna cin shinkafa a wani ɗan shago a Naif, faranti ɗaya kamar kullum. Muka ci muka ci har tsoka ɗaya ta rage. Sani ya sa yatsa ya turo ta gabana, yana jiran in mayar masa, ya sake turowa, yadda muka saba tun Al Quoz.

Na ɗauka na jefa a baki.

Sani ya bi hannuna da kallo, hannunsa na nan a gefen farantin inda ya shirya mayar mini da ita. Mutumin da ya ciyar da ni a korona, wanda bai taɓa cin amanata ko da ƙwayar shinkafa ba, shi na fara yi wa. Na yi ta taunar naman nan, ya ƙi wucewa.